Kashmir: Na Je Kallon Tsaunuka, Na Tarar da Alkawarin da Ba a Cika Ba

Yawancinmu mun san Kashmir tun kafin mu san sunanta. Tsaunukan nan masu farar ƙanƙara da shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da muka taso muna gani a finafinan Indiya, da yawansu a can aka ɗauke su. Da karatu ya kai ni Indiya, sai na ƙudurta ba zan koma gida ba sai na taka wurin da ƙafata. Dama ta samu a ƙarshen Oktoban 2024, na hau jirgi daga Delhi zuwa Srinagar, babban birnin Kashmir.

Tun a filin jirgi mutum zai gane ya shigo wuri na daban. Baƙo ɗan ƙasar waje sai ya cike wata takarda ta musamman, ya faɗi inda zai sauka. Layin wayar da na saya a Delhi, irin wanda ake loda wa kati, ya mutu murus, domin dokar tsaro ta hana irinsa aiki a yankin idan a wata jiha aka saye shi. A hanyar shiga gari kuwa, ba ka yin nisa sai ka ga soja tsaye da bindiga, wani a bakin shago, wani a bayan buhunan yashi. Mai son zuwa ya riƙe wannan: fasfo ya zauna a aljihu, kuma kada a kuskura a ɗaga waya wajen soja ko shingen bincike.

Kwarin Kashmir kansa ba shi da girman da mutum zai zata. Tsawonsa kusan kilomita 135 ne, faɗinsa kusan 32, a kwance tsakanin tsaunukan Himalaya da na Pir Panjal, kogin Jhelum na ratsa shi. Srinagar tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,600 sama da teku, shi ya sa ko da rana tsaka iskar tana cizo. Na sauka a ɗaya daga gidajen katako da ke kan Tafkin Dal, waɗanda ba a isa gare su sai da ƙaramin kwalekwale mai rumfa da suke kira shikara. Da asuba ake cin kasuwar kayan lambu a tsakiyar ruwa, kwalekwale na gogar kwalekwale, ana miƙa kabewa da ganye ana karɓar kuɗi. A garin Pampore na tarar za'afaran, wani kayan ƙamshin abinci mai tsada, ya yi fure. Mata da yara a sunkuye suna tsinkar furen shuɗi-shuɗi, kowane ɗaya siraran zare uku ja kawai ake cirewa a cikinsa. Tun daga ranar na daina mamakin tsadarsa.

Mai masaukina dattijo ne mai farin gemu. Kullum yana cikin wata doguwar riga mai kauri, pheran, a ƙarƙashinta kuma yana rungume da kangri, ɗan kaskon garwashi da aka saƙa wa kwando. Da safe zai kawo shayi mai gishiri, launin ruwan hoda, da gurasa mai zafi. Shi ya kai ni sallar Juma'a a Hazratbal, inda suke ajiye da wani gashi da suka yi imani na Manzon Allah (SAW) ne, sannan babban masallacin tsohon gari mai ginshiƙan katako 378, wanda Sarki Sikandar ya gina wajen ƙarshen ƙarni na 14. Bayan sallar asuba za ka ji masallatai sun ɗauki wuridi da murya ɗaya, al'adar da suke dangantawa da Mir Sayyid Ali Hamadani, malamin da ya zo daga Farisa. Mutane ne masu son baƙo ƙwarai. Da sun ji daga Najeriya nake kuma Musulmi, sai a jawo ni cikin shago a zuba mini shayi.

Maganar rikici ban taɓa tayar da ita da kaina ba, kuma ina ba duk mai zuwa shawarar ya kama bakinsa. Tambayar “Indiya kuke so ko Pakistan?” kai ba za ta cuce ka ba, amma wanda ka tambaya shi zai kwana a garin bayan ka tafi. Idan ka yi haƙuri, su da kansu za su fara. Wani dare dattijon ya dube ni ya ce, “Ɗana, kowa na son ƙasar nan, amma ba wanda ya taɓa tambayar mu.”

Tarihi ya gaskata shi. A 1846 Turawan Ingila suka sayar wa Gulab Singh, sarkin Jammu da ke kudu da kwarin, da Kashmir, ƙasa da mutanen cikinta, a kan rupi miliyan 7.5. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, tattaɓa-kunnensa, sarkin Kashmir Maharaja Hari Singh, Hindu ne mai mulkin jama'ar da mafi yawansu Musulmi ne, sai ya tsaya jan ƙafa kan wacce zai shiga cikinsu. Mayaƙan ƙabilu suka kwararo daga ɓangaren Pakistan, shi kuma ya sa hannu a takardar shiga Indiya ranar 26 ga Oktoba, washegari sojan Indiya suka sauka Srinagar. Firaminista Nehru ya kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya, a Afrilun 1948 Kwamitin Sulhu ya yanke cewa Pakistan ta janye mayaƙanta, Indiya ta rage sojanta, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Har yau ba a yi ba, kowace ƙasa na ɗora wa ɗayar laifi. Layin da aka tsagaita wuta a kansa a 1949 shi ya zama iyaka, ya raba ƙauyuka da dangi. An sake gwabzawa a 1965 da kuma a yankin Kargil a 1999, ga Sin can riƙe da Aksai Chin, wani ɓangare na gabashin Kashmir.

Wannan batu na ƙuri'a ya taɓa ni fiye da yadda zan iya faɗa, domin ni ɗan Mubi ne. Yankinmu ma an taɓa ja-in-ja a kansa, ko Najeriya ko Kamaru. A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka kafa akwatuna, kakanninmu suka zaɓi Najeriya, aka kira wurin Lardin Sardauna. Akwai waɗanda ba su ji daɗin sakamakon ba, amma an tambaye su, kuma maganar ta mutu. Mutanen Kashmir sun riga mu samun wannan alkawari da shekara goma sha uku.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin fuska ɗaya gare shi, ko da yake zuciyata tana tare da mutanen kwarin. Bayan zaɓen 1987, wanda da yawa suka ce an yi maguɗi, matasa suka ɗauki makami a 1989 da taimakon Pakistan. Dubban mutane sun mutu, wasu a hannun soja, wasu a hannun 'yan bindiga. Akwai matan da aka tafi da mazansu, har yau ba gawa ba labari, ba su san takaba za su yi ko jira ba. A 1990 kuma 'yan asalin kwarin mabiya addinin Hindu, Pandit, suka tsere daga gidajensu saboda kisa da barazana, kuma wannan zalunci ne da bai kamata Musulmi ya rufe ido a kansa ba. Na ga wasu gidajensu a tsohon gari, tagogi a karye, ciyawa ta cinye tsakar gida. Sannan Jammu mafi yawan jama'arta Hindu ne, gundumar Leh ta yankin Ladakh kuma mabiya Buddha, kuma ba abin da Srinagar ke so suke so ba.

Ranar 5 ga Agustan 2019 gwamnatin Narendra Modi ta soke sashe na 370 na tsarin mulki, wanda ya ba yankin ɗan ƙwarya-ƙwaryan 'yanci, ta raba jihar gida biyu ƙarƙashin ikon Delhi kai tsaye, ta tsare shugabannin siyasa, ta katse waya da intanet. Intanet mai sauri bai dawo ko'ina ba sai Fabrairun 2021. Lokacin da na je an gama zaɓen majalisa ke nan, Omar Abdullah ya zama babban minista, masu yawon buɗe ido sun cika gari. A lokacin gwamnati na nuna wannan cunkoso a matsayin shaidar zaman lafiya. Ni dai abin da na lura shi ne mutane na rage murya idan hira ta zo kan siyasa, ko a cikin ɗakinsu.

Wata shida bayan dawowata, ranar 22 ga Afrilun 2025, 'yan bindiga suka kashe mutum 26 kusa da garin Pahalgam na Kashmir, kusan dukkansu 'yan yawon buɗe ido. Indiya ta dakatar da yarjejeniyar rabon ruwan kogin Indus ta 1960, a watan Mayu kuma ƙasashen biyu masu makamin nukiliya suka yi kwana huɗu suna jifar juna da makamai masu linzami. Na kira dattijon in yi masa jaje. Ya ce duk baƙin da suka kama ɗaki na bazarar sun fasa zuwa, ɗansa mai tuƙa shikara ya ɗaure kwalekwalen ya tafi neman aikin lebura a gonakin tuffa.