Darasin gudun haske a ajin ƙarshe

Talata, Birnin Kebbi.

Yau bayan an dawo daga tara na shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe da niyyar kauce wa jadawali, domin in gabatar musu da ƙa'idar Einstein kan dangantakar motsi da lokaci. Makon jiya sun haddace E = mc² don lissafin makamashin da ke cikin ƙwayar zarra, amma babu wanda ya iya gaya mini dalilin da ya sa harafin c, wato gudun haske, ya sami wannan matsayi.

Na rubuta adadin a allo: haske yana cin mita 299,792,458 a daƙiƙa ɗaya a sararin da babu komai, wato kusan kilomita 300,000. Hasken rana yana ɗaukar kimanin minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso gare mu, na wata kuwa ba ya kai daƙiƙa ɗaya da rabi. Sun kwafe ba tare da musu ba, don girman lamba ba ya tayar wa ɗalibi hankali.

Gardama ta tashi ne a mataki na gaba. Na sa wani yaro ɗan Yawuri ya bayyana mana yadda kwalekwale ke tafiya a kogin Kwara, ya ce idan matuƙi ya bi ruwa, gudun ruwan yana ƙaruwa a kan nasa, idan kuma ya sa gaba da ruwan sai a debe. Sai na ce, to ga kumbo yana tafiya da rabin gudun haske, ya kunna fitilar gabansa. Wane gudu mai tsaye a ƙasa zai auna wa hasken fitilar? Duk ajin ya amsa da ɗaya da rabi. Da na ce musu ai gudun hasken nan da ke allo zai samu, ba ƙari ba ragi, kuma shi ma na cikin kumbon haka zai samu, sai hayaniya ta kaure. Wata ɗaliba ta miƙe ta ce, "Malam, a gafarce ni, ai wannan ya saɓa wa lissafin da ka koya mana a aji ɗaya." Gaskiya ta faɗa, kuma na fi jin daɗin musunta a kan shirun masu kwafa. Na gaya musu cewa a 1887 wasu masana kimiyya biyu, Michelson da Morley, sun yi gwaji a birnin Cleveland na Amurka suna neman bambancin gudun haske tsakanin inda duniya ta dosa da gefenta, ba su samu ba. A 1905 Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, ya ɗauki rashin canjawar gudun haske a matsayin tushe, ya bar lokaci da nisa su canja.

A nan na fi daɗewa. Na zana madubai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, haske yana kaiwa da komowa tsakaninsu, kowane zuwa da dawowa bugun agogo ne. Idan agogon yana cikin kumbo mai gudu, na ƙasa zai ga hasken yana bin hanya a karkace, wadda ta fi miƙaƙƙiya tsawo, kuma tunda gudun hasken bai ƙaru ba, dole ne bugun ya ɗauki lokaci mai tsawo a wurinsa. Abin da ya rage lissafin Paitagoras ne, na tsawon ɓangarorin alwatika. Na ba su kumbo mai gudun kashi 3 cikin 5 na haske, suka gano da kansu alwatikar nan mai ɓangarori 3, 4 da 5, suka fitar da cewa shekara 4 a agogon kumbo ta yi daidai da shekara 5 a agogon ƙasa. A ganina duk malamin da ya ce wannan darasi ya fi ƙarfin 'yan sakandare bai gwada zanen madubin ba.

Wani ya tambaya ko wannan ne ya bayyana barcin As'habul Kahfi. Na ce masa wannan tambayar malamin addini ce, mu iyakarmu abin da agogo da ma'auni suke iya aunawa, sannan na kawo musu abin da aka auna. Ƙwayoyin muwon, wasu ƙananan ƙwayoyi da ba su kai zarra ba, suna samuwa a nisan fiye da kilomita 10 a sama, matsakaicin rayuwarsu kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa ne, wanda bai isa su ci fiye da kimanin mita 660 ba, amma ana kama su da yawa a doron ƙasa saboda agogonsu yana jinkiri a ma'auninmu. Agogunan taurarin GPS ma, wato taurarin ɗan adam da ke nuna wa waya inda take, motsi yana rage musu kimanin kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, raunin ƙarfin jan duniya a can sama yana ƙara musu kimanin 45, kuma sai an gyara bambancin taswirar waya take yin daidai.

A ɗakin malamai wani abokin aikina ya ce, "Malam, ka kashe darasi guda a kan abin da ba zai fito a WAEC ba." Na amsa cewa Paitagoras da tushen lamba suna fitowa, kuma yau sun yi su babu mai hamma. Aikin gida da na bayar shi ne kumbo mai gudun kashi 4 cikin 5 na haske. Ranar Alhamis zan duba su wane ne suka samu 3 da 5, sannan mu koma kan jadawali.