Kwalbar da ta hana ɓarawo, ta hana mai saye

Gwaggo ce ta fara kawo mini labarin. Ta shigo gida da kwalba a baƙar leda, ta dangwarar a gabana, ta ce, "Kai ɗan nan, yanzu har ni za ka sayar wa ruwan sukari?" Kwalbar zumata ce, babu tantama. Takardata ce a jiki, da sunan sana'ata, da lambar NAFDAC da na sha zirga-zirga kafin na samu. Na buɗe na lasa. Dafaffen sukari ne da aka ɗan ƙona don ya yi launi, aka ɗiga masa zuma kaɗan saboda ƙamshi. A wani kanti kusa da gidanta ta saya, mai kantin kuwa ya rantse wani mai babur ne ya kawo masa katan guda, ya ce daga wajena yake.

Zuma nake saya a hannun masu amya a Taraba da kudancin Kaduna, in tace, in ɗura a Kano. Algus a harkar zuma ba sabon abu ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da kwalbata aka yi shi. Da na bi sawu sai na ga hanyar ba ta da wani sirri. Mai saye ya shanye ya jefar, ɗan jari-bola ya tsince, kuma kwalbar da takardarta ba ta yage ba ta fi tsirararta tsada a wajen masu nema. Murfin da nake sawa kuwa, mai zoben roban nan da ke tsinkewa idan an murɗa, irin na kowa ne, buhu-buhu ake sayar da shi a kasuwa. Mai jabu ba ya ma buƙatar dabara. Ya wanke, ya ɗura, ya sa sabon murfi irin nawa sak.

Daga ranar na daina barci sosai. Na shiga karance-karance a waya har asuba. A nan na gane cewa abu biyu ne nake cakuɗawa. Akwai murfin da aikinsa kawai ya tona asiri idan an buɗe, wanda ya zama doka a kan magunguna a Amurka bayan 1982, shekarar da wani ya zuba guba a ƙwayoyin Tylenol a Chicago mutum 7 suka mutu. Akwai kuma bakin kwalbar da ke bari abu ya fita amma ba ya bari a mayar. Masu giya ne suka fi amfani da wannan na biyun, abin da ya ɗan sosa mini rai da farko, sai na ga masu man zaitun ma sun ɗauka. A Sifaniya tun watan Janairun 2014 doka ta hana gidajen abinci ajiye man zaitun a tebur sai a kwalbar da ba a iya sake cikawa. Na ce to, abin da ya tsare man zaitun ai zai tsare zuma. Wannan jimlar ita ta ci mini kuɗi.

Abin ɗan bawul ne na roba da ake dannawa a wuyan kwalba ya maƙale, ba ya fita sai an fasa shi. A cikinsa akwai 'yar ƙwallo. Idan kwalba na tsaye, ƙwallon ta zauna a kan ramin ta toshe, duk abin da ka zuba daga sama sai ya malalo waje. Idan ka karkata, ta gangara gefe, abin ciki ya fito. A samanta akwai wata 'yar rumfa mai ƙananan ƙofofi a kaikaice, don kada a zura waya a ɗaga ƙwallon. Wanda ya ƙirƙiro shi ya yi tunani, ban taɓa musun wannan ba. Sai dai ba ya hawa kowace kwalba, sai mai wuya na musamman da aka ƙera dominsa. Ma'ana idan ka sayi bawul, dole ka sayi kwalbarsa.

Wani da ke shigo da kaya daga Guangzhou ta ƙasar China ya kawo mini samfur a watan Afrilu. Ku riƙe watan nan. Mako guda na yi ina yaƙi da kwalbar kamar ni ne ɓarawon. Na gwada sirinji, na gwada wayar taya, na nutsa ta a bokiti, na kwantar da ita ina ɗiga ruwa a hankali, na jijjiga. Abin da ya shiga bai kai cokali ba. Sannan na cika wata da zuma, na danna mata bawul, na karkata, ta zubo siriri gwanin sha'awa. Na kira yaran shago na nuna musu ina ta washe baki. Dattijon da ke mana tata, wanda ya girme ni a sana'ar nesa ba kusa ba, ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Alhaji, da ka bari mun ga hunturu." Na ce, "Baba, kafin hunturu ai sun gama kashe mini suna." Bai ƙara cewa komai ba, ya koma kan rariyarsa.

A Afrilu zafin Kano yana kai digiri 40, ɗakin da muke ɗuri kuma rufin kwano ne. Zumar da na yi gwaji da ita ta saki jiki kamar man gyaɗa. Duk gwajin da na yi na hana shiga ne. Gwajin fita sau ɗaya na yi, da rana tsaka, a watan da ya fi kowane zafi.

Kaya suka iso ƙarshen damina, muka ɗura, muka raba wa kantuna da kemis-kemis. Har ƙaramar takarda na buga ina alfahari cewa wannan kwalba ba a iya sake cika ta. Makonnin farko shiru, sai yabo. Da iskar hunturu ta kaɗa, lokacin da kowa ke neman zuma saboda tari da mura, lokacin da ya kamata in fi ciniki, sai waya ta fara ƙara.

Zuma ta ƙi fitowa. Mutum ya kifa kwalba a kan kofin shayi da asuba, ya tsaya, ya tsaya, shayi ya huce, ɗigo biyu. Man zaitun kaurinsa bai kai ninki 100 na ruwa ba, zuma kuwa ninki dubbai ce, kuma sanyi na ƙara mata kauri fiye da yadda ido zai zata. Ƙwallon da ya kamata ta gangara ta manne a mazauninta. Ko ta motsa, akwai wata matsalar da ban taɓa tunani ba: kafin abu ya fita daga kwalbar gilashi dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, ƙananan ƙofofin nan kuwa zuma ta cike su taf. Gilashi kuma ba roba ba ne balle a matsa.

Sai daskarewa ta biyo baya. Zuma ta gaskiya tana yin tsakuwa-tsakuwa, kuma ta fi saurin yi idan sanyi ya kusa digiri 14, wato daidai asubahin Kano a Disamba da Janairu. Siririn abin da ya maƙale a cikin bawul shi ya fara yin fari, a daidai inda ido ke fara sauka. Mu da muke cikin sana'ar mun san wannan ba aibi ba ne. Mai saye kuwa abu ɗaya ya sani: ya ga sukari. Wata Hajiya da ta shekara uku tana saye a wajena ta aiko direbanta da kwalba biyu da saƙon cewa ba ta zaci haka daga gare ni ba. Ni da na kashe kuɗi don kada a ce zumata sukari ce, ga shi na ƙera abin da ke nuna wa mutane "sukari" a bakin kwalba. Garin gyaran gira na tsokane ido.

Amma duk wannan bai kai abin da na gani a wani kanti ba. Ina tsaye wata mata ta sayi kwalba, sai yaron kantin ya ɗauko sukudireba daga aljihun tebur, ya murɗe murfin, ya ɓanɓare bawul ɗin, ya jefa a kwali, ya mayar da murfi ya miƙa mata. Na ce, "Kai, me kake yi haka?" Ya ce, "Yallaɓai, in ban cire ba dawo da ita suke yi." Kwalin ya kusa rabi. A gidaje ma haka ake yi, da wuƙa, da ƙusa, wasu har bakin gilashin ya ɓalle. Wasu su tsoma kwalbar a ruwan zafi, takarda ta saɓule.

Cikin wata guda mutane sun koyi cewa kwalbata ta gaskiya ita ce wadda aka ɓalle wa baki. Tsinkakken zobe ba ya tayar wa kowa da hankali, rashin bawul ma sauƙi ne. Mai jabu da a da sai ya nemi sabon murfi, yanzu ko wannan an ɗauke masa. Alamar tona asiri tana aiki ne muddin mai saye yana jin tsoron ganinta a karye. Ni da hannuna na cire musu tsoron. Idan na tuna wannan har yau sai in ji wani abu ya tokare mini wuya, don da na saka kwalba ɗaya a firji na kwana biyu, da na ga komai. Firjin yana nan a shagon, ruwan leda ne a ciki. Baba ma bai ce in fasa ba, cewa ya yi in jira.

Na janye abin da ya rage a kantuna. Muka narkar a ruwan ɗumi, muka juye. Kwalaben kuwa ba su karɓar murfi na yau da kullum saboda wuyan nan na musamman, don haka ba su yi mini amfani ba, masu man gyaɗa biyu da na yi wa tayi suka ce tsadarsu ta yi yawa.

Abin da nake yi yanzu ba shi da ban sha'awa ko kaɗan. Kwalba mai faɗin baki da cokali ke shiga. A bakinta fallen alminiyam da ake mannawa da na'urar da ke ɗumama shi ta cikin murfi, ba tare da wuta ta taɓa zumar ba. Ƙaramar na'urar ta hannu ba ta da tsada, ma'ana mai jabu ma zai iya saye, shi ya sa na sa aka buga sunana a kan fallen, ban yarda da fari ba. Murfin kuma na biya aka sassaƙa mini ƙarfen zubinsa da sunana a tashe. Wannan ya yi tsada, amma shi ne kuɗin da ban yi nadamarsa ba, don ba a samunsa a buhu a kasuwa. Zoben roba shi kaɗai kada ka dogara da shi, idan aka tsoma murfi a ruwan zafi robar takan yi laushi a zare shi ba tare da ya tsinke ba, na gwada na gani. Saboda haka na ƙara siririyar takarda da ta haye murfi ta sauko jikin kwalba, irin mai rugurgujewa idan an so ɓare ta. Na yi tunanin lambar kankarewa a tura saƙon waya, irin wadda NAFDAC ta fara a kan magunguna a 2010, sai na tambayi kaina sau nawa ni na taɓa kankare ta maganin zazzaɓin da nake saya, na ajiye maganar.

Murafen da suka lalace wajen ɗuri da takardun da aka buga a karkace, yanzu ƙirga su nake yi, a ƙona a gabana. Da can shara ake zubawa, wato ina ba mai jabu kaya kyauta a ƙofar shagona.

Abin da ya fi komai rage jabun kuwa, ina jin kunyar faɗa, ba fasaha ba ce. Na rubuta a jikin takarda cewa duk wanda ya dawo da kwalba za a rage masa kuɗin ta gaba, na sa ragin ya ɗara abin da ɗan jari-bola ke bayarwa. Yara a unguwa suka mayar da abin sana'a. 'Yan jari-bolar kansu suka fara kawo mini kai tsaye, tun da na fi biya. Kwalbar da ta dawo hannuna ba ta je hannun mai dafa sukari ba, kuma in wanke ta in sake ɗuri. Baba ne ya kawo wannan shawarar ma. Wannan karon ban yi gardama ba.

Idan wani ya zo mini da sabon murfi yanzu, kuma suna zuwa, ba na fara tambayar ko ɓarawo zai iya buɗewa. Sai in cika shi da zumata, ba ruwa ba, in sa a firji kwana biyu, in bar wani a mota a rana, sannan in kai wa Gwaggo in zauna in yi shiru ina kallon hannunta. Idan ta waiga tana neman wuƙa, magana ta ƙare. Jabun bai ƙare ƙaf ba, watanni kaɗan da suka wuce ma an kawo mini wata da aka huda murfinta aka toshe da kakin kyandir, amma aikin ya yi muni har yaron kanti ya gane da kansa.

Katan-katan na bawul ɗin suna nan a sito, a bayan jarkoki. Uwargida ta ce in ba 'yan gwangwan su tafi da su. Na ce a bari tukuna. Ranar nan na tarar Baba ya ɗauki ɗaya ya tokare ƙofar sito da shi don iska ta riƙa shiga.