Abin da yauƙin kuka ya koya mini

Ganyen kukar da na fara aiki da shi a hanyar Wamakko na tsinko shi, na zuba a leda da ƙwayoyin silika don ya bushe da wuri. Ina shekarar farko ta digiri na biyu a nan Sakkwato, aikina kuma gano zumuncin tsirrai ta hanyar DNA ɗin kuloroplas, wato ƴan ƙananan ɗakunan nan kore da ke cikin ganye, inda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana.

Na niƙa ganyen, na zuba ruwan CTAB, sinadarin da ake fitar da DNA da shi, sai abin ya koma miya. Na ɗaga bututun, yauƙi na ja kamar zare. Sau uku ina maimaitawa, DNA ya ƙi rabuwa da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don sati biyu ke nan sun tafi. Malamina ya karɓi bututun ya juya shi a gaban taga, ya ce: "Wane ganye kika sani mai irin wannan halin?"

Na ce: "Malam, lalo. Da kuɓewa."

Ya ce in je in duba danginsu.

A tsofaffin littattafanmu kuka da rimi suna gida ɗaya, lalo yana wani, goro yana wani, sai kuɓewa da auduga da yakuwa a nasu. A ƙarshen shekarun 1990 aka kwatanta ƙwayoyin gado na kuloroplas irin su rbcL da atpB da ndhF, aka ga iyakokin nan ba su tsaya bisa asali ba, aka haɗe gidajen huɗu cikin dangi guda, Malvaceae. Ashe yauƙin da ya hana ni barci halin gida ne. Innata ba ta taɓa jin wannan suna ba, amma tun ina ƙarama na ga in babu kuka takan kaɗa busasshiyar kuɓewa ko lalo, tuwo ya wuce lafiya.

Daga nan na ƙaunaci kuloroplas, har na so in wuce gona da iri. Kundin DNA ɗinsa ƙarami ne, a yawancin tsirrai haruffa dubu 120 zuwa dubu 160, da ƙwayoyin gado ɗari da ɗoriya. Fasalinsa kusan ɗaya ne ko'ina: babban yanki, ƙaramin yanki, da wasu biyu masu maimaita juna a juye. Tun 1986 masana a Japan suka karanta na taba gaba ɗaya. Ba ya saurin sauyawa, kuma kowace ƙwayar ganye na ɗauke da kwafinsa da yawa, shi ya sa ko ganye ya bushe ana samun abin karantawa. Ga ɗaliba mai ƙaramin ƙarfi, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Ranar da na gabatar da zanen reshen zumuncin da na fitar, na ce wannan shi ne tarihin tsirran. Malam ya ce: "Tarihin wa? Dangin uwa kawai kika kawo mana."

Gaskiyarsa. A mafi yawan tsirrai masu fure, ta wajen uwa ake gadon kuloroplas, garin furen uba ba ya kawo nasa. In jinsi biyu suka yi barbara, kundin nan zai nuna gefe ɗaya, ya yi shiru a kan ɗayan. Auduga ya ba ni misali, irin wadda aka fi nomawa a duniya. A nahiyar Amurka ta samo asali, amma a 1989 wani masanin tsirrai, Jonathan Wendel, ya nuna kuloroplas ɗinta na audugar Afirka da Asiya ne. Uwa daga wannan gefen teku, uba daga can. Wanda ya tsaya ga kuloroplas kaɗai ba zai taɓa ganin uban ba.

Na koma na goge jimlar farko ta babin sakamakona, na rubuta cewa zanen yana nuna zuriyar uwa. Sannan na ƙara ITS, wani yanki na DNA ɗin cibiyar ƙwayar halitta wanda ake gado daga uwa da uba, a jerin abin da zan nema wa kuɗin gwaji a zango na gaba.