Eugene Bullard da lambobinsa

Ni dai cikin matuƙan jiragen yaƙi, labarin Eugene Bullard ne ya fi tsaya mini a rai. Baƙar fata ne, an haife shi a jihar Jojiya ta Amurka a 1895, ya gudu Turai tun yana saurayi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai ya shiga rundunar Faransa ta 'yan ƙasashen waje a matsayin sojan ƙasa. A yaƙin Verdun, a Faransa, aka ji masa mummunan rauni a 1916, Faransawa suka ba shi lambar jarumta ta Croix de Guerre. Da wani ne, da ya ce ya gama nasa ke nan. Shi kuwa sai ya koyi tuƙin jirgi, ya koma fagen daga ta sama a 1917.

Da Amurka ta shiga yaƙin, ya nemi ya tuƙa mata jirgi, ba a ɗauke shi ba. Launin fatarsa ne dalili, ba wani abu ba.

Faransa ta ƙara masa babbar lambar girmamawarta ta Légion d'honneur a 1959, lokacin yana aikin hawa da sauko da mutane a lif na wani bene a New York. Ya rasu a 1961. Sai a 1994 rundunar saman Amurka ta ba shi muƙamin laftanar.