Alhamdulillahi, Mun Samu Lambar Baffa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya bayan la'asar aka shafa fatihar saukar Alƙur'ani da muka yi wa marigayi Baffa, baƙi suka watse, amma sai yanzu da dare ya raba na samu na zauna. Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dishe. Duk da haka na ce ba zan kwanta ba sai na yi wannan godiya, don idan na bari har gobe wani zai faɗo mini a rai bayan na riga na rufe baki.

Wata bakwai ke nan tun ranar da muka buɗe adakar Baffa muka tarar gara ta riga mu. Kun ga hotunan, ba sai na maimaita ba. Littafin da yake rubuta duk wanda ya yi magana da shi ta rediyo ya zama gari, katunan da masu rediyo ke aika wa junansu sun manne da juna, abin da ya tsira kawai ɓarin kati ɗaya ne mai ɗauke da 5N, sauran ya tafi. Kun kuma san yawon da na yi ina neman cikakkiyar lambar kiransa ta rediyo, har da ofishin da aka mayar da ni sau huɗu ana cewa mai makullin ɗakin fayil bai zo ba. Wannan ya wuce, na bar wa Allah.

Da yawa sun tambaye ni a ɓoye me zan yi da lambar mutumin da ƙasa ta rufe shekaru masu yawa. Wanda bai tashi a unguwarmu ba ba zai gane ba. Baffa ne ya riƙe ni tun ina goye, bayan rasuwar mahaifina. Ina tasowa na tarar da waya miƙe daga kan dogon darbejiyar ƙofar gida zuwa wata gora da ya kafa a bayan soro, na kuma tarar da maganar da ake yi a kansa. Wasu su ce da aljanu yake hira cikin dare. Wasu su ce ɗan leƙen asiri ne, Turawa yake kai wa rahoto. A makarantar allo an sha jifana da wannan magana. Shi bai taɓa tanka wa kowa ba. Inna, matarsa, ita ce ta sha ɗacin abin, ita ke zuwa biki da suna tana jin ana yin shiru idan ta shigo. Da jikinta ya fara rauni bara, ta ce da ni, "Ɗan nan, ina so kafin in bi shi a nuna wa mutane takarda." Abin da ya fitar da ni ke nan.

Ni kaina sai a wannan tafiya na san mece ce lambar kira. Ashe duk mai rediyon sha'awa, irin waɗanda ke haɗa na'urarsu a gida suna gaisawa da takwarorinsu a gajeren zango, sai hukuma ta ba shi lasisi da lambar da babu mai irinta a duniya. Farkon lambar ƙasa take nunawa, ƙungiyar sadarwa ta duniya da ke Janiba ce ta raba: Najeriya 5N, Nijar 5U, Kamaru TJ, Ghana 9G. Zamanin Turawa ZD2 ake kiran Najeriya, bayan samun 'yanci a 1960 aka koma 5N. To ɓarin katinmu ya ce ɗan Najeriya ne, daga nan ya yi shiru. Babu mai iya nemo mutum da haruffa biyu.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci.

Malam mai gyaran rediyo na Sabon Gari, wanda ya ce kada in ambace shi, yafe mini, sai na ambata. Shi ne ya rufe shagonsa ranar wata Talata da hantsi, ya ce akwai wani dattijo can wajen tashar jirgin ƙasa da ya yi aikin buga telegiram tun zamanin Fi-an-Ti, tsohuwar hukumar gidan waya, mu je mu gwada. Muka tarar da tsoho a zaure, yanar ido ta rufe masa gani, ko fuskata bai gani ba. Bai san Baffa ba. Na ji gwiwata ta yi sanyi, na fara haramar sallama. Sai ya ce, "Ɗana, maigidan naku da baki yake magana ko da hannu?" Na ce ni dai abin da na tuna, wani ɗan ƙarfe ne mai baƙin kai da yake dannawa, akwatin yana tsuwwa. Ya ce, "Iyalinsa na da rai?" Na ce tana nan. Ya lalubi sandarsa ya ce a kai shi.

Mutumin da ko masallacin ƙofar gidansa sai an riƙe masa hannu, shi ya shiga Keke Napep tun daga Sabon Gari, ta Tudun Wada, ta Ƙofar Doka, har cikin birni, ana ta girgiza shi a ramuka bai ce uffan ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar ɗakin Inna, ita tana ciki bayan labule. Bayan gaisuwa da ta'aziyyar da ta makara shekara da shekaru, ya ce, "Hajiya, da dare idan Malam ya zauna gaban akwatin nan, me kunnenki ke ji?"

Ta ce, "Kuka kamar na gyare."

Ya ce, "Gyaren yana da waƙa?"

Ta yi shiru. Can sai muka ji ta fara, a hankali, da muryar nan tata da ta tsufa: da-di-da-di, da-da-di-da. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Wannan ai waƙar da take rarrashina da ita ce. Da ita ta goya ni, da ita ta goya 'ya'yana, tana jijjiga su tana bubbuga bayansu. Duk gidanmu mun ɗauka wata tsohuwar waƙar raino ce da ta rasa kalmominta.

Baba, wato dattijon nan, ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru. Ya ce, "Wannan CQ ne, kiran duk mai saurare. Ci gaba, Hajiya." Ta ce da-di-di, di. Ya ce, "DE, ma'ana daga wane." Sai ta jero gajeru biyar, ya ce biyar. Dogo da gajere, ya ce N. Gajeru biyu da dogaye uku, ya ce biyu. Ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "Rubuta 5N2, irin ta mutanen farko ce." Daga nan haruffa uku suka biyo, yana faɗa ina rubutawa a bayan takardar magani, hannuna yana rawa har biro ya huda takardar.

Inna ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta rubutawa da boko. Amma mai bugun Mos, wato wannan harshe na tsuwwa doguwa da gajera, idan zai yi kira, sai ya maimaita lambarsa sau biyu ko uku, ya saurara, ya sake, kuma haka Baffa ya yi ta yi dare bayan dare, bango ɗaya tsakaninsa da gadonta. Na je Kaduna, na je Legas, na aika saƙo har ƙasashen da ban san inda suke a taswira ba, ashe abin yana ɗakin da nake shiga gaisuwa kowace safiya. Baba da ya gama sai ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "Hajiya, hannun maigidanki mai tsabta ne. Ko a bakinki ana jin tazararsa." Inna ta fashe da kuka a bayan labule, irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar da aka fita da shi.

Na ciro abin da ke aljihuna zan ba shi, ya ture hannuna. Ya ce shekara da shekaru babu wanda ya yi masa magana da wannan harshe, shi ne ya kamata ya biya. Baba, na san jikarka za ta karanta maka wannan. Allah Ya buɗe idonka, Ya haskaka kabarin iyayenka, Ya sa yadda ka taka zuwa gidanmu haka mala'iku za su tako su tarbe ka. Allah Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Amma ban gaya muku tsoron da ya biyo baya ba, don a lokacin ban iya faɗa ba. Harafi ɗaya ya ƙi zama. Wani zubin Inna ta yi gajeru uku, wani zubin huɗu, kuma Baba ya ce uku S ne, huɗu H ne, mutum biyu ne daban. Sannan samun lamba a bakin tsohuwa ba shi ne takarda ba. Akwai wani littafi da aka riƙa bugawa a Amurka a da, Callbook, mai jere da lambobin masu lasisi na ƙasashen duniya da sunayensu da adireshinsu, don a san inda za a aika kati. Idan sunan Baffa yana ciki, magana ta ƙare. Idan babu fa? An riga an gaya mini akwai masu hawa iska da lambar da suka ƙirƙira ba da izini ba. Kwana uku ina juyi a shimfiɗa ina tunanin wataƙila da hannuna zan tabbatar da abin da 'yan unguwa suka faɗa, in kuma kai wa Inna. Har na yi niyyar in dakatar da binciken in ce mata ba a samu ba. Allah Ya yafe mini wannan niyya.

Ɗalibar nan ta Samaru, 'yar ajin ƙarshe a fannin lantarki, ke ma kin ce kada a faɗa. Kina tsakiyar jarrabawa kika zauna kina buɗe hotunan tsofaffin littattafan nan a intanet, shekara bayan shekara, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, da kuɗin datarki. Da S babu. Kika koma da H. Ƙarfe ɗaya da wani abu na dare wayata ta yi ƙara, na ɗauka na ji kina cewa, "Kawu, ga shi! Ga sunansa, ga akwatin gidan waya, ga Zariya!" Ban san lokacin da na yi sujada a tsakar gida ba. 'Yata, Allah Ya ba ki sakamakon da ya fi wanda kike roƙo, Ya ba ki miji nagari da zuri'a mai jin ƙanki, Ya sa kada ki taɓa neman taimako ki rasa.

Sauran kun gani. Da lambar ta cika, 'yan ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya suka yaɗa ta a tsakanin abokansu na waje, na gode musu ƙwarai. Bayan mako biyar wani dattijo a Jamus ya turo hoto. Al'adarsu ce idan biyu suka haɗu a iska sai kowa ya aika wa ɗan'uwansa kati, QSL suke ce masa, shaidar cewa an ji juna. Shi wannan bawan Allah ya adana nasa a kwalayen takalma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya ciro na Baffa. Shekarar da aka haife ni ce a jiki. A zangon mita 20, da Mos, ƙarfe tara da minti arba'in na dare agogon GMT, wato sha ɗaya saura minti ashirin agogon Najeriya da Nijar. A gefe Baffa ya rubuta 579, wai yana jin sa sarai, da ƙarfi, kuma sautin tas. A ƙasa ga 73, gaisuwarsu ta fatan alheri, ga sa hannun nan nasa mai karkata da na sani a kan katin sakamakona na firamare. Babu rahoto, babu asiri. Gaisuwa ce da labarin yanayi, ya rubuta cewa hunturu ya shigo Zariya da ƙura.

Na roƙi dattijon hoto mai kyau kawai, sai ya sa ainihin katin a ambulan ya aiko, ya ƙi karɓar ko kuɗin kan sarki. Ya ce a wajensu ba a cewa mutum ya mutu, sai a ce maɓallinsa ya yi shiru, kuma katin mai shiru gidansa ya kamata ya koma. Allah Ya saka masa, Ya ba shi lafiya, Ya shirye mu da shi baki ɗaya.

Jiya liman da kansa ya ɗaga katin da hoton shafin littafin a gaban jama'a kafin a fara sauka. A cikin waɗanda suka karɓa suka duba akwai tsofaffin da na san abin da bakinsu ya taɓa faɗa. Ɗaya ya riƙe hannuna ya ce a roƙa masa gafara wajen Inna. Ta ce ta yafe tun kafin ya tambaya.

Gwaggo ta Tudun Jukun da ta kwana kan tukunya, Yaya Babba da ya ba ni motarsa wata guda bai tambayi mai ba, maƙwabtanmu da suka buɗe zaurukansu, matasan layinmu da suka share ƙofar gida tun asuba, almajiran da suka yi sauka, da ku da kuka yi ta addu'a daga nesa ba mu taɓa haɗuwa ba, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna. Allah Ya jiƙan iyayenku. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa can ta fi masa nan, Ya wanke shi a lahira kamar yadda Ya wanke shi jiya a gaban mutane. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya bar mana ita.

Akwai waɗanda jininsa ne fiye da ni, da muka aika wa tun da sauran mako biyu. Na san hidima ta yi yawa, hanya kuma ba daɗi. Ban riƙe kowa ba, kamar yadda ban riƙe maganar akwatin rediyon da aka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo ba tun kafin a yi arba'in. Sai dai Inna ta sa an ajiye kwano uku a rufe har bayan isha'i, kuma sau biyu tana tambayata ko an ji tsayuwar mota.

Masu tambayar cikakkiyar lambar, ku yi haƙuri, Inna ta ce a bar ta a gida tukuna. Katin yana ƙarƙashin matashinta, ta hana a kai shi a sa a gilashi. Masu tabarmi da tukwane kuma a ɗaga mini ƙafa zuwa jibi, in sha Allahu da kaina zan kawo.