Bangon da na sa aka sassaƙe a Bukuru

Damina biyu ke nan, amma har yau in na wuce inda ake kwaɓa siminti sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Kuɗin da suka tafi ba su ne damuwata ba, ko da yake sun tafi da yawa. Abin da ke cin raina shi ne da bakina na ce a yi, ba wanda ya tilasta ni.

Gidan na kakan mahaifina ne, a cikin tsohon garin Bukuru, kudu da Jos. Zaure ɗaya, ɗakuna bakwai a jere suna kallon tsakar gida, ginin jar ƙasa, rufin kwano. Tsofaffinmu suna cewa an gina shi ba da daɗewa ba bayan ƙaramin jirgin ƙasan nan na Zariya ya iso Bukuru a 1914. Masauki ne. Leburan kuza da suka sauko daga jirgi, ko suka taho a ƙasa, nan suke fara yada zango kafin hedman ya ɗauke su zuwa bariki, ko Barikin Ladi, ko Bisichi, ko Sabon Gidan Kanar. Wasu kwana uku, wasu rani guda, musamman 'yan cin rani da ke neman kuɗin haraji su koma gona kafin ruwa ya sauka. Matar gidan ce ke tuƙa musu tuwo, ranar biya su biya.

Da gidan ya dawo hannuna bayan rasuwar mahaifina, 'yan uwa suka ce a rushe a yi shaguna. Na ƙi. Gidan da ya ga tashin kuza, ya ga an daina jirgin Zariya a 1957, ya ga faɗuwar farashin kuza a 1985 da ta durƙusar da garin, ya kuma tsallake rikicin Jos na 2010 da ransa, ba ni ne zan sa masa gatari ba. Abin da na faɗa ke nan a gaban kowa, ina jin kaina. Shawo kan magada da biyan kowa rabonsa bai ba ni wahala ba. Sauya kwanon rufi ma lafiya aka gama.

Sai na zo kan bango. Farar ƙasar da aka yi ta shafawa shekara da shekaru duk ta kumbura tana zuba, wani wurin yaɓen ya tsage. Na kira birkila, yaro mai ƙwazo, ya duba ya ce, "Alhaji, sai an sassaƙe tsohon yaɓen nan duka, a kafa ƙusoshi da waya, sannan siminti zai kama." Na ce a yi, ciki da waje. Na ba shi kuɗi na kama hanyar Kaduna wurin aikina. Kwana tara na yi.

Ranar da na dawo na tarar da tulin ɓaraguzai a tsakar gida, ɗakuna biyar sun sha siminti sumul. Har na fara murna. Sai ga ɗan ƙanena, ɗan makarantar allo, riƙe da wani guntun yaɓe kamar tafin hannu, ya ce, "Baffa, wannan da rubutu, kada a taka." Shi a zatonsa aya ce. Na karɓa na duba. Ajami ne, an karta shi da ƙusa ko tsinin wuƙa, kuma abin da ya rage a jiki kalma ɗaya ce da rabi: Damagaram, sai wani harafi da ya gutsure.

Na kai wa Gwaggo, ƙanwar kakana, wadda aka haifa a gidan. Ta juya shi a hannu ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ɗan nan, da ka tambaye ni." Ashe bangon ɗakunan nan shi ne littafin gidan. Maigidan ba ya riƙe takarda. Duk baƙon da ya sauka, a jikin bango daidai inda yake shimfiɗa tabarmarsa ake karta garinsu, wani lokaci da sunansa, sannan a ja layi ɗaya kowane kwana, a gefe a rubuta bashin tuwo: sisi, taro, sule. In ya biya a soke. In ya tafi, a shafe da farar ƙasa, na baya ya zo a rubuta a kai. Rubutu kan rubutu, shekara wajen arba'in. Shi na sa aka sassaƙe da diga cikin kwana tara, aka kwashe rabinsa a baro aka cike wani rami a bayan layi.

Na kira birkilan. Ya ce ya ga rubutun, ya ɗauka wasan almajirai ne. "Kuma Alhaji, kai ka ce duka." Gaskiyarsa. Amma har gobe ina jin haushin cewa yana da lambata, kiran minti ɗaya ya isa. Sai dai in na fara wannan haushin nakan tuna ni ma Gwaggo tana zaune taku ashirin daga inda na tsaya na ba da umarni, ban leƙa na tambaye ta ba. Na yi shawara da mai sayar da siminti, na yi da mai waya, ban yi da matar da ta girma tana kai wa baƙin nan ruwan wanka ba.

Ɗakuna biyu sun tsira, kuma ba dabarata ba ce. Gwaggo ta ajiye kayanta a ciki ta ƙi ba da mabuɗi, har na yi mata ƙorafi ta waya daga Kaduna cewa tana ɓata mana lokaci. Allah ya saka mata da alheri.

A ɗakunan nan biyu na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Da rana, in ka kalli bangon, ba ka ganin komai sai farar ƙasa mai ƙuraje. Amma rufe ƙofa da dare, ka manna tocila a jikin bango yadda hasken zai bi ta gefe, sai kartar ta taso kamar an hura mata rai. Haka muka yi ta ɗaukar hoto da waya, taki-taki, ni da wani malamin allo na unguwa da ya iya karatun tsohon ajami. Mun karanto Katsina, Haɗeja, Azare, Tawa, mun ga inda aka rubuta "Bazabarme" kawai ba suna. Akwai wani wuri kusa da ƙasa da layukan kwana suka kai goma sha ɗaya suka tsaya, ba a soke ba, ba a shafe ba, an dai zagaye su. Gwaggo ta ce haka mahaifinta yake yi in baƙo ya rasu da bashi a kansa: ya zagaye, ya yafe, kuma ba a sake rubutu a wurin. Ta ce irin wannan zagayen ya fi yawa a ɗakin kusa da zaure, na lokacin yaƙin duniya na biyu. Bayan Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai aka riƙa ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ana kawo su haƙa, har zuwa 1944. Mutanen ƙasar zafi, da 'yar riga ɗaya, cikin sanyin Filato, ga ƙarancin abinci. Da yawa ba su koma gida ba. Waɗanda suka gudo daga bariki ba lafiya, wasunsu a ɗakin nan suka kwanta. Ɗakin kusa da zaure shi birkila ya fara sassaƙewa.

Mutanen nan ba su da wani wuri da aka rubuta su. Je ka gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, za ka ga kawunan Nok, gumakan yumɓu na mutanen dā da aka fara tonowa a ramukan kuza, za ka ga tsofaffin taragon jirgi. Manyan injinan haƙa har yanzu ana nuna hotunansu. Ramukan da suka cinye gonakin Birom suna nan cike da ruwa, kowa na gani. Amma wanda ya ɗauki kwanon sarki a ka daga safe zuwa yamma, in ba a bango irin namu ba, ina sunan garinsu yake?

Simintin ma bai yi rana ba. Wannan shi ne ƙarin gishiri a kan gyambo. Ginin ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa ya toshe shi. Da ruwan Agusta ya zauna, danshin da ke tasowa daga ƙasa ya rasa mafita, ya taru a bayan simintin. Kafin damina ta ƙare, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji holoƙo, sannan wata safiya fale guda ya ɓalle a bangon gabas ya tafi da ƙasar ginin kusan kamu ɗaya. Wani tsohon magini da aka haɗa ni da shi ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Yaro, ka sa wa mai zazzaɓi rigar leda." Shi ya sa aka cire simintin gaba ɗaya, aka bar bangon ya sha iskar hunturu har ya bushe, sannan ya kwaɓa jar ƙasa da ramno ya bar ta ta ruɓa kwanaki, ya yi sabon yaɓe, ya bi waje da makuba. Ya ƙara wa rufin baki don ruwa ya daina dukan gindin bango, ya gyara kwata. Na biya sau biyu, na sawa da na cirewa. Ginin ya dawo. Rubutun bai dawo ba.

Duk mai tsohon gida a Bukuru ko Jos ko wani tsohon barikin kuza, ina roƙonsa kada ya bari a ɗaga diga sai ya zaunar da mafi tsufa a gidan, ya kunna waya ya naɗi maganarta, ɗaki-ɗaki. Ya shiga da tocila da dare. Kuma kada ya yi tafiya ranar da za a fara. Da na zauna yini ɗaya kawai, da guntun farko ya faɗo a gabana na ga harafi.

Na sa yara sun tone ramin bayan layi, muka tankaɗe ɓaraguzan kamar masu neman kuza. Mun samu guntaye masu rubutu cike da kwando biyu, yawancinsu harafi ɗaya ko biyu, ba sa haɗuwa. Suna cikin akwati a ɗakin Gwaggo, a naɗe da tsofaffin zannuwanta. Mabuɗin ɗakunan biyu har yanzu yana ɗaure a gefen zanenta, kuma in baƙo ya zo gani, wurinta nake turawa ya nemi izini.