Landan ɗin da na fara sani da kunne

Kakana yana da wata tsohuwar rediyo da yake lulluɓewa da tsumma saboda ƙura. Idan aka kamo sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki tun 1957, ko tari ba mai yi a zauren. A nan na fara sanin Landan. Shi ya sa da na fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Westminster na ɗaga kai na ga hasumiyar agogon nan, ban ciro waya ba, na tsaya jiran ƙararrawa. Yaya, ɗan wan mahaifina da ya sauke ni, ya ce ai Big Ben sunan ƙararrawar ne, mai nauyin fiye da tan 13, hasumiyar kuwa sunan Sarauniya Elizabeth aka raɗa mata a 2012. Da sha biyu ta buga, sai da tsigar jikina ta tashi.

Fadar Buckingham ba ta ɗauke mini hankali ba. Mun leƙa ta bayan ƙarafan shinge, cinkoso ya ishe mu, muka wuce.

Inda na daɗe shi ne British Museum, gidan tarihin da aka kafa a 1753. Shiga kyauta ce. Jama'a duk sun yi dandazo gaban dutsen Rosetta na Masar, kowa ya ɗaga waya sama. Ni kuwa na gangara ƙasa, ɗaki na 25, inda kayan Afirka suke. Can na tarar da allunan tagulla na masarautar Benin, wadda ke jihar Edo a Nijeriya, an jera su a kan sanduna, ga fadawa da mayaƙa, har da Turawan Fotugal masu dogon gashi. Aikin ya yi kyau har ka rasa ta inda maƙerin ya fara. Sojojin Birtaniya ne suka kwaso su a 1897, lokacin da suka ci birnin da yaƙi, aka tura Oba Ovonramwen zaman dole a Kalaba. Na zauna ina kallo, raina biyu. An adana su, ba ko ƙura, wannan gaskiya ne. Amma ɗan Edo da kakanninsa suka ƙera su sai ya nemi biza, ya sayi tikitin jirgi, kafin ya gan su. Kyautar shigar ta wa ce ke nan? Yaya ya dafa ni ya ce, “Tashi, ƙanena, idan ka biye wa ɗakin nan yau ba za ka ci abinci ba.”

Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, ga shi na saba auna dare da magariba, duk lissafina ya rikice. Muka nufi unguwar Soho, gidan kiɗan jaz na Ronnie Scott's da ke titin Frith, wanda aka fara buɗewa a 1959. Wuri ne mai duhu-duhu, ƙananan fitilu jajaye a kan tebura. Na karɓi lemo na zauna.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne shirun 'yan kallo. Mai busa yana ja, mai ganga yana ba shi amsa, kamar zabiya da 'yan amshi, amma ba mai guɗa, ba mai kirari. Sai ɗaya ya gama nasa a tafa masa, a sake yin tsit. Da mai gangar ya shiga wani salo mai kama da na kalangu, ban san lokacin da hannuna ya kai aljihu ba. Yaya ya riƙe ni yana dariya ƙasa-ƙasa: “Nan ba a liƙi, ka riga ka biya a ƙofa.”

Na mayar da fam biyar ɗina. Da ita na sayi shayi a hanyar komawa tasha, bai ko kama ƙafar na mai shayin unguwarmu ba.